Ƙofa a Buɗe Take, Amma Ban Sami Wurin Zama Ba

An haife ni a shekarar 1990 a wani ƙauye da ke kudancin Jihar Katsina, tsakanin Malumfashi da Kafur, a cikin zuriyar da ake kira Maguzawa tun kaka da kakanni. Kakana ne ya fara karɓar bishara a gidanmu, daga bakin wani mai bishara da yake zuwa a kan keke ranar kasuwa, saboda haka mahaifina ya tashi a cikin ikilisiya, ni ma a cikinta na buɗe ido. Majami'armu ta ƙasa ce mai rufin kwano, da Hausa ake sujada tun daga addu'ar buɗewa har zuwa sa albarka, kuma idan matan zumunta suka ɗauki tulu da kacau-kacau suka ja waƙa, har maƙwabtanmu Musulmi sukan tsaya a bakin hanya su saurara. Ban taɓa sanin cewa Bahaushe Kirista abin mamaki ne a wurin wasu ba sai da na bar gida.

Da na sami gurbin karatu a wata jami'a ta Arewa a ƙarshen 2011, mahaifina ya sayar da buhunan masara da ɗan bijimin da yake turkewa domin a biya kuɗin rajista. A daren da zan tafi ya kira ni zaure, ya ba ni Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda bangonsa ya riga ya soma saɓulewa, ya ce mini: "Duk inda ka sauka, ka nemi 'yan'uwa masu bi kafin ka nemi wurin kwana, domin mai ɗan'uwa ba ya kwana a waje." Na riƙe wannan magana da hannu biyu.

Neman bai yi wuya ba, gama tun a layin rajista ɗalibai suke yawo suna raba takardun gayyata. Ƙungiyoyin zumuntar ɗalibai Kirista suna da yawa a jami'o'inmu, akwai tsofaffi irin su FCS wadda ta samo asali a Gindiri a 1957 da NIFES wadda aka kafa a 1968, akwai kuma waɗanda ɗarikoki da ikilisiyoyi dabam-dabam suka buɗe wa 'ya'yansu. Wadda na shiga ba ɗaya daga cikin biyun nan ba ce, kuma ba zan ambaci sunanta ba, domin abin da ya same ni a cikinta zai iya samun wani a kowace. Na bi wani ɗalibi ne kawai wanda ya taimake ni cika takardu, ya kuma saya mini ruwan leda a ranar da rana ta kusa kayar da ni.

Dole in faɗi gaskiya, an tarbe mu da fara'a. Aka ce sababbin zuwa su miƙe, aka rera mana waƙa, aka yi ta ba mu hannu, aka raba mana kati mu rubuta suna da lambar ɗaki. Amma da aka zo kaina na faɗi sunana da na mahaifina, na ce daga Katsina nake, sai na ji zauren ya yi wani irin motsi, wasu suka juyo suna leƙena, sa'an nan aka ɓarke da tafi fiye da wanda aka yi wa sauran. A lokacin daɗi na ji. Sai daga baya na gane cewa tafin ba nawa ba ne, na wani mutum ne da suka ƙaga a zuciyarsu, wanda ya baro addinin iyayensa ya tsallake wuta ya zo gare su.

Abin da ya fara kayar da ni shi ne harshe. Turancin da na iya na cin jarrabawa ne, ina karanta shi ina rubuta shi, amma ban taɓa yin magana da Allah a cikinsa ba. A zumuntar kuwa kome da Turanci ake yi, ana wa'azi da sauri, ana barkwanci da Turancin buroka wanda kowa yake dariyarsa ban da ni, idan kuma za a sauya harshe a waƙa sai a koma Yarbanci ko Ibo. A mako na uku aka ce in rufe taron ƙaramin rukuninmu da addu'a. Na buɗe baki, kalmomin suna zuwa mini da Hausa ina juya su a kaina kafin in furta, na yi tuntuɓe sau biyu, na yi shiru, sai wata 'yar'uwa ta karɓe ta ƙarasa domin ta rufa mini asiri. Ba wanda ya yi dariya. Amma ba a sāke ba ni addu'a ba, kuma a irin wannan wuri wanda ba a jin muryarsa a addu'a ana ɗaukarsa jariri ne cikin bangaskiya, ko da shi ne yake koyar da makarantar Lahadi a garinsu, kamar yadda na yi shekara uku ina yi.

Sannu a hankali na soma lura da su wane ne suka cika zauren. Yawancinsu 'ya'yan ma'aikata ne, da na malaman makaranta, da na fastoci, waɗanda suka tashi a Jos, da Kaduna, da Abuja, da Ilori, da garuruwan Kudu, da yawansu kuma makarantun kwana na mishan suka yi, sun san juna tun a sansanonin hutu na 'yan sakandare. Sabon ɗalibi daga cikinsu yakan iso ya tarar da yayansa na makaranta yana shugabancin mawaƙa, ɗan ikilisiyarsu yana riƙe da kuɗi, tun kafin ya ajiye jaka an riga an san wane sashe zai shiga. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, ni kuwa ba ni da ɗan gari a wurin. Da lokacin sauya shugabanni ya zo, masu barin gado su ne suke zama su yi addu'a su fitar da sunaye, kuma ban taɓa shakkar cewa da zuciya ɗaya suke yi ba, sai dai mutum ba ya iya ba da sunan wanda bai taɓa cin abinci tare da shi ba. Haka kowace shekara shugabanni suke haifar masu kama da su, masu kama da su kuma suke jawo ƙannensu.

Sai maganar kuɗi da lokaci, wadda ta fi kowace ciwo domin ba a iya faɗinta. Na so shiga ƙungiyar mawaƙa, amma akwai anko da ake ɗinkawa kowane zango. Akwai taron keɓewa da ake zuwa bayan gari, kowa da kuɗin motarsa da na abincinsa, akwai gudummawar sayen fiyano, akwai liyafar sallamar masu kammala karatu. A wurinsu kuɗin ba su taka kara sun karya ba, a wurina kuwa kuɗin kananzir da garin kwaki ne na mako biyu. Ranar Asabar, wadda ita ce ranar fita bishara da gwajin waƙa, ni ina wani kango a bayan makaranta ina ɗaukar bulo da kwaɓa siminti domin in sami na sayen takardun lakca. Wata rana shugaban rukuninmu ya ja ni gefe, ya dafa kafaɗata cikin ƙauna, ya ce yana damuwa da rashin ba da kaina ga aikin Ubangiji. Na duƙar da kai na ce zan gyara. Hannuwana suna cikin aljihu domin kada ya ga yadda siminti ya ci su.

A makon bishara na zangon farko aka aiko mini cewa an sa ni cikin masu ba da shaida, in faɗi yadda na tuba da irin tsananin da na sha a hannun dangina. Na ce musu a gidan Kirista aka haife ni, mahaifina dattijon ikilisiya ne. Na ga fuskar mai saƙon ta sauya, kamar wanda ya buɗe ƙunshi bai tarar da abin da yake zato ba. Bai taɓa jin cewa akwai ƙauyuka na Hausawa masu bi a Katsina da Kano da Jigawa ba, bai san cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932 ba, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha wahalarsa, bai kuma san akwai Wusasa ba, tsohon mazaunin Hausawa Kirista da ke kusa da Zariya. Aka cire sunana daga jerin, kuma tun daga ranar sha'awar da ake yi mini ta ragu.

Abin da ya karya ni ya faru ne a 2012. Shekara ce ta tsoro, wanda bai zauna a Arewa a lokacin ba ba zai gane ba. Ranar Lahadi 29 ga Afrilu 'yan bindiga suka auka wa masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero a Kano, suka kashe mutane da dama har da malaman jami'a, sa'an nan a ranar 17 ga Yuni aka tayar da bama-bamai a majami'u a Zariya da Kaduna. Kowace zumunta ta sa matasa a ƙofa suna binciken masu shiga, kuma daidai ne a yi haka. Wata Lahadi na sa farin kaftanina da hula, tufafin da mahaifina yake sawa ya shiga sujada da su duk rayuwarsa, na ɗauki Littafina a cikin jakar leda na nufi zauren. A bakin ƙofa wasu matasa biyu da ban sani ba suka tare ni. Ɗaya ya tambayi sunana, na faɗa, sai suka dubi juna. Suka ce in ajiye ledar a ƙasa in ja da baya. Mutane suna wucewa ta gefena suna shiga, waɗansu suna jan ƙafa suna kallo, a cikinsu har da waɗanda muka yi wata shida muna zama a benci ɗaya. Aka buɗe ledar da tsinin takalmi, Littafin mahaifina ya zame ya faɗi a ƙura. Ɗayan ya ɗauka ya buɗe, ya ga ba zai iya karantawa ba, sai ya ce in karanta Addu'ar Ubangiji da ka in ni mai bi ne. Na soma da Hausa, "Ya Ubanmu wanda ke cikin sama," ya ce in yi da Turanci. A nan ne harshena ya ɗaure, ba don ban san ta ba, sai don wani abu da ya tokare mini maƙogwaro. Can wata 'yar'uwa daga rukuninmu ta fito ta ce ta san ni, aka ba ni haƙuri, aka karkaɗe Littafin aka miƙo mini. Na shiga na zauna a baya har aka tashi, ban ji kalma ɗaya daga wa'azin ba.

Ban yi fushi da matasan nan ba, har yau kuma ba na yi, domin tsoron ransu ne ya sa su. Abin da ya hana ni barci shi ne waɗanda suka san ni suka wuce. Lahadi ta gaba ban je ba, ta bayanta ma haka. Na yi ta sauraron ƙwanƙwasa ƙofa, gama akwai sashe guda da aikinsa ke nan, ziyartar wanda aka daina gani. Ba wanda ya zo. Daga baya na fahimci cewa masu ziyarar sukan gane mutum ya ɓace ne idan abokinsa ya faɗa musu, ni kuwa ba ni da wanda zai lura da gurbina. An ce zumunta a ƙafa take, ƙafa kuma hanyar da ta saba take bi.

Fiye da shekara guda na yi ba na shiga kowace sujada. Abokan ɗakina Musulmi ne, biyu daga Kano ɗaya daga Gusau, da su nake cin garau-garau a kwano ɗaya, da su nake hira har dare, kuma su ne suka kai ni asibitin makaranta lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni. Amma idan aka kira salla suka fita, sai in zauna ni kaɗai kamar jemage, ba na cikin tsuntsaye ba na cikin dabbobi. Na daina addu'a, na rufe Littafin a ƙasan akwati, karatuna ya lalace har na faɗi darussa biyu. Na soma tambayar kaina ko bangaskiyar da kakana ya karɓa ta baƙi ce da gaske kamar yadda ake yi mana gori a kasuwa, tun da ga masu ita sun kasa gane ni.

Yajin aikin malaman jami'o'i na 2013, wanda ya ɗauke mu daga Yuli har Disamba, shi ya mayar da ni gida. Mahaifina bai tambaye ni kome ba sai da muka yi kusan wata guda. Muna cikin gona muna bankasa dawa ya ce, ba tare da ya ɗago ba: "Tun da ka dawo ban ji ka ja waƙa ba." Na zauna a kan kunya na faɗa masa duka. Ya daɗe bai ce uffan ba, sa'an nan ya ce in shirya da yamma mu je wurin tsohon mai bisharar ƙauyenmu, wanda idonsa ya riga ya tafi. Tsohon ya saurare ni har ƙarshe, ya ce in buɗe Ayyukan Manzanni sura 6 in karanta masa. A wurin ne aka ba da labarin gunagunin da ya tashi a ikilisiyar farko ta Urushalima, inda masu jin Helenanci suka koka cewa ana mance gwaurayensu a rabon abinci na kullum. Ya ce: "Ɗana, manzanni ne da kansu suke riƙe da ikilisiyar nan, ba mugaye ba, amma duk da haka hannun mai rabo ya fi sanin ƙofar danginsa. Ka duba abin da suka yi. Ba su ce masu kuka su yi haƙuri ba, sun zaɓi mutum bakwai suka danƙa musu aikin, kuma ka karanta sunayensu, Istifanas da Filibus da sauran, duka sunayen Helenawa ne." Ya ƙara da cewa masu jin Helenancin nan ba su fice sun yi shiru ba, magana suka yi. Wannan ta soke ni, domin ni ban faɗa wa kowa kome ba, ɓacewa kawai na yi.

Da aka koma makaranta na shiga neman irina, kuma abin da na tarar ya ba ni tsoro. Akwai su da yawa, 'yan ƙauyukan Kano da Katsina da Kebbi, da 'yan kudancin Borno da Adamawa waɗanda Hausa ce harshen sujadarsu, kowannensu ya taɓa cika katin nan na sababbin zuwa, ya yi 'yan makonni ya janye, kowannensu kuma yana zaton shi kaɗai ne. Muka fara taruwa mu tara a gindin wata darbejiya ranar Lahadi da yamma, lokacin da masu aikin Asabar suka huta, muna waƙa daga Littafin Waƙoƙi ba fiyano ba anko. Na kuma je wurin sabon shugaban zumuntar na faɗa masa labarina tun daga addu'ar da na kasa har zuwa ƙofa. Ya yi kuka, ya ce shi yana nan a ranar, yana cikin waɗanda suka wuce. Ya sa aka ba mu aji guda, aka shigar da waƙoƙin Hausa cikin babbar sujada, aka kuma daina karanta sunayen waɗanda suka biya kuɗin taro a gaban jama'a. Ba duka abin da muka roƙa aka yi ba, wasu ma sun ce muna raba jikin Almasihu, amma kafin shekara ta zagayo ajin ya cika har ana tsayawa a taga.

Da a nan labarin ya tsaya da na fi jin daɗin ba da shi. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Cikin shekara guda mu ma mun zama 'yan gari. Mun san ƙauyukan juna, mun san wane ɗan gidan wane ne, hirarmu ta taki ce da farashin auduga da bikin Kirsimeti na ƙauye. Idan ɗan Filato ko ɗan kudancin Kaduna ya yi addu'a ya mayar da mace namiji a Hausarsa, sai a yi ta murmushi ana taɓa juna, kuma a hankali suka rage zuwa. Sa'an nan a 2015 wani saurayi ya soma zuwa yana zama kusa da ƙofa. Ɗan birni ne, Hausarsa ta fi tamu daɗi, kuma shi ne ainihin mutumin da aka taɓa zaton ni ne, gama daga gidan Musulmi ya fito, bai daɗe da ba da gaskiya ba, danginsa ma ba su sani ba. Bai san waƙoƙinmu ba, ba shi da ƙauye ko ikilisiyar da za a tambaya a ji labarinsa. Wasu daga cikinmu suka ce a yi hattara, ƙila leƙen asiri ya zo yi, ni kuma a matsayina na shugaba ban tsawata ba, na ce dai a sa ido. Wata rana bayan an tashi ya tsaya ya jira ni, ya ce: "Ɗan'uwa, ko zan iya zuwa ɗakinka ka koya mini yadda ake addu'a?" Na ce masa jarrabawa ta matso, mu bari sai bayanta. Ya ce ba kome, ya gode. Bayan jarrabawa bai dawo ba. Sai da aka yi mako biyar kafin na lura, da na je neman katinsa kuma na tarar ba mu taɓa ba shi kati ba, ko lambar ɗakinsa ba wanda ya sani.

Na kammala karatu a 2016, yanzu ina koyarwa a wata makarantar sakandare, ni ne kuma malamin da ke kula da zumuntar ɗalibai Kirista a cikinta. Ina da ƙaramin littafi da nake rubuta sunan duk yaron da ya zo ko sau ɗaya ne, da ajinsa da garinsu, kuma duk ranar Juma'a nakan zauna da shugabannin ɗalibai mu bi sunayen ɗaya bayan ɗaya mu ga wanda ba a gani ba, in kuma aika wanda ba abokinsa ba ya je ya nemo shi. Idan za a zaɓi shugabanni nakan tambaye su wa ya taɓa cin abinci da yaran da suke zama a baya. Duk shekara idan ɗalibaina za su tafi jami'a nakan ba su labarin ƙofar nan, in kuma ba su na saurayin, domin ba na so su ji rabi. Na tambayi duk wanda muka yi zamani tare ko ya san inda yake, har na sa an duba mini a Facebook da sunansa na farko, wanda shi kaɗai na riƙe, amma masu irin sunan sun yi yawa. A shafin farko na ƙaramin littafin nan sunansa ne a rubuce, wurin lambar ɗaki kuma babu kome.